Zaizayar Saiwar Haƙori: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Maganinta a Asibitin Karkara

Idan yaro ya fara famfara, karɓi haƙorin da ya faɗo ka juya shi a tafin hannu. Kan haƙorin kawai za ka gani, babu saiwa. Ba karyewa ta yi ba. Jiki ne ya tura wasu ƙwayoyin halitta suka cinye ta a hankali don haƙorin girma ya sami hanyar fitowa. Wannan zaizaya ce ta halitta, ba ruwan likita da ita. Abin da ya shafe mu shi ne ranar da waɗannan ƙwayoyin suka juya kan haƙorin girma, wanda babu mai jiran gado a bayansa.

Haƙorin girma yana da kariya waje da ciki. Akwai siririn tantani a bayan saiwa, inda zaruruwan da ke ɗaure ta da ƙashi suke kamawa, akwai wani kuma a bangon kwararon da jijiya ke kwance. Muddin suna nan lafiya, ƙwayoyin ba sa iya kama haƙori. Sai abu biyu sun haɗu: rauni da ya ɗaye tantanin, da wani abin da ke ci gaba da zuga cin, ko dai ƙwayoyin cuta daga matacciyar jijiya ko kuma matsi. Duk aikin da ke gabanka a nan ya rataya: ka gano mai zugawa ka kawar da shi. Shi ya sa haƙora biyu za su yi kama da juna a hoton X-ray, ɗaya ya buƙaci a buɗe shi yau, ɗayan kuma buɗe shi ɓarna ce.

Wannan jagora ta likitoci da ma'aikatan sashen haƙori ce da ke aiki a garuruwa irin su Rano, Gaya, Dambatta, Ringim da Gumel, inda kayan aikin ba su wuce madubi, tsinken bincike da ƙaramin injin hoto ba, shi ma sai in akwai wuta.

Mataki na farko: tono tarihin bugu

Wannan cuta ba ta cika zuwa da ciwo ba. Aikin gara take yi: azara tana tsaye, cikinta ya ƙare. Galibi wani abu dabam ne zai kawo mutum, sai ka ci karo da ita. Saboda haka tambaya ɗaya ba ta isa.

"Baba, ya taɓa faɗuwa ko wani abu ya buge shi a baki?"

"A'a likita, lafiyarsa ƙalau."

"Wannan haƙorin na gaba da ya ɗan yi duhu fa?"

"Au, wannan ai tun bara waccan ne, da kaka, ya faɗo daga amalanke. Ya yi jini kwana biyu ya warke."

Ga mahaifin, abin da ya daina jini ya wuce. A wurinka kuwa, nan labarin ya fara. Lissafo musu abubuwan da baki: faɗuwa daga babur ko keke, bishiyar mangwaro, harbin jaki, ƙahon saniya, bakin rijiya, ƙwallo, dambe. Kwanan wata ba zai samu ba, sai ka auna da Sallah, damina ko girbi. Tambayi ko haƙorin ya girgiɗe, ko ya nutse cikin dasashi, ko ya fita gaba ɗaya aka mayar. Nutsewa da fita gaba ɗaya su ne suka fi ɗaye bayan saiwa, su ne kuma suka fi jawo zaizaya. In an mayar da shi, ka san tsawon lokacin da ya yi a waje da abin da aka ajiye shi a ciki. Tambayi kuma ko an taɓa sa masa wayar gyaran jeri a birni, ko an taɓa sa maganin hasken haƙori a cikinsa bayan aikin jijiya, wato cire jijiyar haƙori a cike kwararonta.

Rubuta shekarun yaro a lokacin bugun, ba na yau kawai ba. Haƙoran gaba na sama suna fitowa tsakanin shekara 7 da 8, saiwarsu ba ta gama rufewa sai wajen shekara 10. Saiwar da ba ta nuna ba bangonta siriri ne, zaizaya tana iya gamawa da ita cikin 'yan watanni.

Mataki na biyu: duba da ido, hannu da kunne

Fara da goge haƙorin. Jan goro yakan rufe launin da kake nema. Busar da shi, ka haska daga baya. Tabo mai launin hoda a kusa da wuyan haƙori yana nufin akwai nama mai jini a ƙarƙashin ɓawon da ya yi siriri. Tun 1920 wani likitan Ingila mai suna Mummery ya siffanta wannan tabo, kuma an daɗe ana jingina shi ga zaizayar ciki, wato wadda ke farawa daga kwararon jijiya, amma ta wuyan haƙori ma tana kawo shi, har ta fi yawa. Launin toka ko duhu kuwa ya fi nuna jijiya ta mutu.

Zagaya wuyan haƙorin da tsinken bincike, ƙasa da dasashi kaɗan. In tsinken ya faɗa rami mai kaifin baki, ƙasansa da tauri yana ƙara in ka karce, jini kuma ya ɓalle fiye da kima, zaizayar wuya ce. Kogon haƙori na yau da kullum laushi gare shi, yana kama tsinke, ba ya irin wannan jini.

Sai ƙwanƙwasawa. Juya madubi ka ɗan buga haƙorin da ƙotarsa, ka buga maƙwabtansa biyu don kunnenka ya kwatanta. Lafiyayyen haƙori ƙararsa a dushe take, domin zaruruwa na tsakaninsa da ƙashi. Wanda ya manne da ƙashi yana ba da siririyar ƙarar ƙarfe, in ka ji ta sau ɗaya ba za ka manta ba. Kama shi tsakanin ƙotoci biyu ka motsa: ko ɗan motsin nan na halitta ba za ka samu ba. A yaro mai girma za ka ga ya gajarta, maƙwabtansa sun wuce shi. Kunne yakan riga hoto gane wannan.

Gwajin sanyi na ƙarshe. In babu feshin sanyi, cika murfin allura da ruwa mai tsabta ka daskarar, ka sami ɗan tsinken ƙanƙara. Amma a yi hattara da fassara. Bayan bugu, jijiya mai rai tana iya yin shiru har wata 3, kuma haƙorin da saiwarsa ba ta rufe ba dama ba ya amsawa yadda ya kamata. Rashin jin sanyi shi kaɗai ba hujjar buɗe haƙori ba ne. Nemi ta biyu: duhun launi, ƙurji mai mugunya a dasashi, zafi in an ƙwanƙwasa, ko duhu a hoto.

Mataki na uku: hoto biyu, ba ɗaya ba

Na san fim kuɗi ne, kuma majinyacin ya riga ya biya kuɗin mota. Duk da haka hoto ɗaya a wannan cuta rabin magana ne. Ɗauki na farko kai tsaye. Sai ka kawar da kan injin gefe, wajen digiri 20, ka ɗauki na biyu. Jera su a gaban haske ka nemi amsar tambaya ɗaya: ramin a cikin kwararon jijiya yake ko a bayan saiwa?

In na ciki ne, kwararon ne da kansa ya kumbura a wuri ɗaya, zagayayye mai santsin baki, layukan bangonsa sun ɓace a wurin, kuma a hotunan biyu yana nan daram a tsakiya. In na waje ne, za ka hango layukan kwararon suna ratsa duhun ba su katse ba, bakin ramin ba shi da tsari, kuma a hoto na biyu ya gusa. In ya bi inda ka kai kan injin, yana ɓangaren ganɗa ko harshe. In ya yi akasin haka, yana ɓangaren leɓe.

Sannan dubi ƙashin da ke jikin ramin. Duhu a saiwa tare da duhu a ƙashin da ke fuskantarsa alamar kumburi ce, ƙwayoyin cuta na aiki. In kuwa siririn baƙin layin da ke zagaye saiwa ya ɓace, ƙashi ya shige cikin saiwar babu iyaka tsakaninsu, mannewa ce.

Hoton CBCT, wanda ke fito da haƙori ta kowane ɓangare, yana nuna abin da ƙaramin fim ke ɓoyewa, musamman zurfin zaizayar wuya da ko bango ya huje. Kada ka tura manomi birni don shi sai in amsar za ta canza abin da za a yi.

Mataki na huɗu: magani gwargwadon iri

*Zaizayar waje mai kumburi.* Wannan ce ta gaggawa, ita ce kuma wadda hannunka zai iya tsayarwa. Jijiya ta mutu, ta ruɓe, dafin ƙwayoyin cuta yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin jikin haƙori zuwa inda bayan saiwa ya ɗaye. Tana iya bayyana a hoto makonni kaɗan bayan bugu. Kada ka ce a dawo bayan girbi. Kada kuma ka rubuta kafso ka sallame su: jini ba ya shiga matacciyar jijiya, saboda haka duk abin da aka sha ba ya isa inda cutar take. Sau da yawa ma sun riga sun sha na kemis kafin su zo.

Yi allurar kashe zafi, ka sa shimfiɗar roba da ke keɓe haƙorin daga sauran baki. Ba na yarda a zuba ruwan haifokulorait, wato ruwan wanke kwararon jijiya, a bakin yaro babu roba. Buɗe haƙorin, ka auna tsawon saiwa da hoto, domin bakin saiwar da ya zaizaye ba ya tsayar da fayil, wato siririn ƙarfen kankare kwararo. Kada ka yawaita kankare bango, dama ya yi siriri. Wanki shi ne aikin. Yi amfani da haifokulorait mara ƙarfi sosai, kashi 1 zuwa 2.5 cikin 100, allurar tana sakwa-sakwa a cikin kwararon, ba ta kai ƙarshe ba, kana turawa a hankali da yatsa manuni. In ruwan ya tsallaka cikin nama, nan take za ka ga zafi mai tsanani da kumburin fuska.

Busar da kwararon ka cika shi da kwaɓin maganin kalsiyam haidiroksaid tun daga ƙasa. Ƙarfin alkalinsa, wajen 12.5 a ma'aunin pH, shi ke kashe ƙwayoyin cuta ya kuma hana masu cin saiwa sakat. Ƙa'idar ƙungiyar masana raunin haƙori ta duniya ta 2020 ita ce a bar shi mako 3 da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk wata 3 har duhun da ke ƙashi ya ɓace, sai a yi cikon dindindin. Rufe saman da simintin ciko na gilas ayonoma mai kauri. Cikon wucin gadi mai laushi ba ya jure rake da ƙanzo, in ya fita kuwa aikin ya koma baya. Da zarar ƙashi ya cike kada ka ƙara jan lokaci, domin daɗewar wannan magani a siririyar saiwa yana sa ta gautsi, ta karye a wuya. In bakin saiwar a buɗe yake, a toshe shi da MTA, wani simintin toshe saiwa, kafin ciko, ko ka tura inda ake da shi.

Faɗa wa iyaye gaskiya tun farko: abin da ya zaizaye ba zai dawo ba, tsayar da cin ake yi.

*Zaizayar ciki.* Wannan tana buƙatar jijiya mai rai a ƙasan ramin don ta ciyar da masu cin, yayin da ta sama ta ruɓe. Shi ya sa gwajin sanyi yake iya ba ka kowace amsa. Maganin aikin jijiya ne ba tare da jira ba. Da ka shiga za ka ga jini da yawa, kada ya firgita ka, zai tsaya in naman ya fita. Fayil ba ya kaiwa lungunan ramin, sai ruwan wanki da aka motsa shi sosai, sannan kalsiyam haidiroksaid na mako ɗaya zuwa biyu ya narkar da saura. Wajen ciko, gata-faca, wato robar cike kwararo, mai ɗumi ce ke shiga lungu. In jini ya ƙi tsayawa a zuwa na biyu, ko takarda mai tsini da ake busar da kwararo da ita ta fito da jini a gefe ɗaya, bango ya huje. Wurin MTA ko Biodentine, wani siminti irinsa, ke nan.

*Zaizayar wuyan haƙori.* A nan jijiya yawanci lafiyarta lau, wani siririn bango yana kare ta har cutar ta yi nisa. Geoffrey Heithersay na Ostireliya ya kasa ta aji 4 a 1999: na 1 ƙaramin rami a wuya, na 2 ya kusa ɗakin jijiya, na 3 ya gangara cikin kashi ɗaya bisa uku na saman saiwa, na 4 ya wuce nan. Aji na 1 da na 2 suna warkewa da kyau. A ɗaga dasashi, a kankare naman tas har sai babu ɗigon jini da ke fitowa daga ƙasan ramin, a cike da gilas ayonoma ko Biodentine. Heithersay yana shafa asid ɗin tiraikuloro-asetik mai ƙarfin kashi 90 da 'yar auduga don ya kashe ragowar naman, amma yana ƙone duk inda ya ɗiga, wanda bai saba ba ya bar shi. Aji na 3 na ƙwararre ne. Na 4 kuwa, a ra'ayina, in ba ya ciwo a bar wa mutum haƙorinsa ya ci moriyarsa ana duba shi, ranar da ya gaza a cire. Yanka a wannan mataki wahala ce kawai.

*Mannewa da ƙashi.* Zaruruwan saiwa sun mutu, jiki ya ɗauki haƙorin a matsayin ƙashi yana musanya shi sannu a hankali. Babu mai zugawa da za a kawar, saboda haka babu maganin da ke tsayar da ita, aikin jijiya ma ba ya yi. A babba tana tafiya a hankali, haƙorin na iya yin shekaru yana aiki. A yaro ne take da illa, domin inda haƙorin ya manne ƙashin ba ya girma. In ya gajarta fiye da milimita 1, lokacin shawara ya yi. Kada ka kama shi da filaya, za ka fito da ƙashin gaba. Hanyar da Barbro Malmgren ta Suwidin ta bayyana a 1984 ita ce a yanke kan haƙorin ƙasa da bakin ƙashi, a cire cikon da ke kwararon, a bar jini ya cika shi, a ɗinke dasashi a kai. Saiwar za ta zama ƙashi, tudun dasashi ya tsira don haƙorin roba ko dashe nan gaba.

*Zaizayar matsi.* Jijiya na da rai, ba a taɓa ta, matsin ake cirewa. In wayar gyaran jeri ce, a dakata wata 2 zuwa 3. In matauni na ƙarshe ne ya kwanta yana tokarar na gabansa, a cire shi. Duk yaro ɗan shekara 10 zuwa 11 da ya zauna a kujerarka, shafa saman dasashinsa ka ji tudun fiƙar sama. In babu, yi hoto, domin fiƙar da ta ɓata hanya tana cinye saiwar haƙorin gaba da ke kusa da ita shiru.

Akwai wanda ba a yi masa sakaci. Mutum ya zo da kumburin muƙamuƙin ƙasa mara ciwo, wata da watanni yana ƙaruwa, matauna suna girgiɗi, hoto ya nuna babban duhu da saiwoyi a datse sumul. Wannan siffar ƙari ce irin amelobilastoma, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kada ka cire haƙori ko ɗaya. Rubuta takarda zuwa sashen tiyatar baki da fuska na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ka haɗa da hoton, ka kuma zaunar da 'yan'uwansa ka yi musu bayani, don kada a biya wajen sakiya a hanya.

Mataki na biyar: ranar da haƙori ya fita

Mafi yawan zaizayar da za ka gani a shekara mai zuwa, a awa ɗaya ta farko bayan bugu ake yanke hukuncinta. In haƙorin girma ya yi minti 60 a bushe, ƙwayoyin bayan saiwarsa sun mutu, mannewa ce za ta biyo. Wannan saƙo ya kamata ya kai ga malaman firamare da na Islamiyya, masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitoci: a ɗauki haƙorin ta kai, kada a taɓa saiwa, kada a goge ta ko a kankare, a ɗauraye ƙasar da madara ko ruwan gishirin asibiti, a mayar da shi gurbinsa nan take, yaro ya ciji hankici. In ba za a iya ba, a tsoma shi a madara. Madara fa, ba nono ko kindirmo ba, tsaminsu yana kashe ƙwayoyin. In babu, yaro ya tofa yawu a kofi a sa a ciki. Ruwan leda bai dace ba, sai dai ya fi a naɗe shi a takarda. Haƙorin nono kuwa ba a mayar da shi.

In sun iso, mayar da haƙorin ko da ya wuce awa ɗaya, domin yana riƙe ƙashi. Ɗaure shi da maƙwabtansa na mako 2 da siririyar waya da ba ta wuce kaurin milimita 0.4 ba. In babu waya, zaren kamun kifi na roba yana yi, a manna da farin cikon kwamfozit. Mutanen Hadejiya ba za su rasa shi ba. Ɗauri mai tauri ko mai daɗewa yana jawo mannewa. Ba da amoksisilin, ko doksisaikilin ga wanda ya haura shekara 12, ka duba batun allurar tetanus tunda a ƙasa ya faɗi. In saiwar ta rufe, fara aikin jijiya cikin mako 2, ba sai ka ga alama ba, kuma tun ɗaurin yana nan. In ba ta rufe ba, ba jijiyar dama ta farfaɗo, amma ka matso da ranakun dubawa, alamar ruɓa ta farko ka shiga.

Dubawa ita ce mako 2, mako 4, wata 3, wata 6, shekara 1, sannan duk shekara har 5. Ga wanda saiwarsa ke buɗe, ƙara da wata 2. Nan ne aikin yake sullube mana, domin wanda ba ya jin ciwo ba ya barin gona ya hau mota. Daidaita ranar da ranar kasuwar da dama za su shigo, Juma'a ga na wajen Wudil, Lahadi ga na Dambatta, Alhamis ga na Maigatari. Karɓi lambar waya biyu, ta uba da ta wani ɗan'uwa. Nuna wa mahaifin fim ɗin a gaban taga, ka sa yatsa a kan saiwar lafiya da wadda ta fara ci, ya gani da idonsa. Rubuta kwanan wata a jikin kowane fim ka maƙala shi a kati, ka riƙa ɗaukar na gaba a kusurwa ɗaya da na baya, domin sai an jera na yau da na wata 3 da suka wuce ake sanin ko cin ya tsaya.